Shekarar da Na Sauya wa Ta-Baba Lamba

Ku ƴaƴana, tabon nan da ke tsakiyar tafin hannuna na dama, na san labari uku na ba ku a kansa. Hadiza na ce mata kura ce ta cafke ni a daji ina canza taya, na shaƙe ta da hannu guda ina ɗaure noti da ɗayan. Abba na ce masa harsashin ɗan fashi na cafe. Auta kuwa na manta abin da na ce mata, amma na tuna akwai kada a ciki. Duk ƙarya ce, kun kuma sani, tunda dariya kuke yi. Abin da ba ku yi wa dariya ba shi ne wanda kuka jiyo a gidan gwaggonku: wai an taɓa kama ubanku da motar sata a Ƙonni, wai kuma kakarku ta yi wata bakwai ba ta taka motarsa ba. Wannan ba duka ne ƙarya ba. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, kafin masu ƙarin gishiri su fi ni, ko da yake ban ga wanda zai iya ba.

Kakanku Alhaji Nomau ɗan Tajaye ne. Cin rani ya kai shi Sakkwato, ranin ya ƙi ƙarewa har shekara arba'in. A can aka haife ni, a can na koyi tuƙi, a can ya sayi ƙaramar bas ɗin nan fara da kuka tashi kuka gani a ƙofar gida, wadda ƴan tasha suka raɗa wa Ta-Baba. A takarda mutum goma sha takwas take ɗauka. A aikace na taɓa zuba mata talatin da awakinsu, har da wani tsoho da ya rantse a tsaye ya yi barci. Shekara guda da sayenta ta kwanta da Alhaji a wata kwana, ƙafafu huɗu a sama, aka fito da kowa da ransa. Daga nan ya tafi wajen malaminsa aka rubuta masa laya, aka ɗinke ta da jar fata. Bai rataya ta a madubi kamar sauran direbobi ba, ya ce hannun fasinja ba shi da kunya. Sai ya kai motar wajen mai walda, aka ɗaga kujerar gaba ta gefen direba, aka nemi wuri mai laushi a jikin ƙarfen ƙasa, aka aza layar, aka kife ta da wani murfin ƙarfe kamar rabin gwangwanin kifi, aka liƙe ta ko'ina. Tun ranar Ta-Baba ba ta sake kwanciya ba. Da ciwon ajali ya kama shi, gabana ya ce wa kakarku Inna Hajo:

"Hajo, ƙarhen nan da ke ƙarƙashin kujera amana ne hannunki. Kada a buɗe shi."

Da Inna ta fita takaba ta ce gida za ta koma, ba za ta tsufa inda ba a san uwarta ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, ranar da ranta ya yi fari ta ce "Mai mota." Ba a yi shawara da ni ba, gaya mini aka yi. Muka lodo gadaje da tukwane a bisa Ta-Baba muka ƙetaro iyaka. Inna ta sauka Tajaye, ni da innarku Rabi muka kama haya a Malbaza, inda in ka shanya baƙar riga da safe, da azahar ƙurar siminti ta mayar maka da ita fara kyauta. Niyyata in riƙa lodin Ƙonni zuwa Illela. To amma motar da lambar Najeriya ta shigo, a kan takardar baƙunta mai ƙayyadaddun kwanaki. Shugaban tasharmu, Alhaji Ɗan Jimma, ya ce mini babu layi sai na zama ɗan ƙasa ni da motata: in mayar da lasin ɗina farmi, wato lasin tuƙi na nan, motar kuma a yi mata kartigris, wato takardar mallakar mota, da lambar ƙasa.

Farmin ma sai da ya sha ni ruwa. Na kai hoto har fuskata ta gaji, na manna tambur, wato kan sarki, har yawuna ya ƙare. Wani ma'aikaci ya tambaye ni, in motoci biyu suka haɗu a mararraba babu alama, wa zai fara wucewa? Na ce wanda motarsa ta fi girma mana. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dawo bayan sati biyu. Shekara ashirin ina bisa titi, sai ga ni zaune ina haddar alamomi kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, Rabi tana riƙe da littafin a juye tana cewa na faɗi. Na koma na ci, aka karɓe lasin Sakkwato aka ba ni farmi. Amma sati biyun nan sun cinye kwanakin takardar motar. Ranar Alhamis da na shiga da Ta-Baba farfajiyar buron Ƙonni, ofishin da ake duba motocin da suka shigo daga waje, kwana biyar suka rage mata.

Mai dubawar, wanda kowa ke ce wa Shef, dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Na jefa masa barkwanci uku tun daga bakin ƙofa, babu wanda ya motsa masa leɓe. Ya karɓi takardun Sakkwato ya karanta, ya zagaya motar, ya ciro fensir da ƴar farar takarda.

"Ɗaga kujerag ga," in ji shi. "Lambar shasi za ni ɗauka."

Lambar shasi ita ce wadda maƙera motar suke bugawa a jikin ƙarfenta, ita ce sunanta na yanka, komai fenti komai sauyin inji ba ta canzawa. Ni a takarda kawai na san ta. Shekara da shekaru muna sabunta takardu a Sakkwato, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya nemi ganinta. Na ɗaga kujera ina raha. Shef ya leƙa, ya goge ƙura da yatsa, ya tsaya cak. Ya ƙwanƙwasa murfin Alhaji da gindin fensir.

"Mi ne ne wanga?"

"Tsari ne, ranka ya daɗe. Na mahaihina."

"Tsari? Bisa lamba?"

"Wace lamba?"

"Nan lambar motag ga take. Nan, ƙarƙashin abin ga. Wa yal liƙe ta?"

A nan na gane abin da ya faru shekaru da yawa baya. Wurin nan mai laushi da mai walda ya samo wa layar, ba don Alhaji aka goge shi ba, don lamba aka goge shi. Alhaji bai yi boko ba, shi a wajensa zane-zane ne a jikin ƙarfe. Na buɗe baki in yi bayani, bakin da tasha ke cewa ko rediyo na jin tsoronsa, amma ba a jira ni ba. Shef ya miƙo hannu, ba don gaisuwa ba.

"Makulli. Mutum biyu kaɗai ka ɓoye lambar shasi: ɓarawo, da wanda yas saya hannun ɓarawo. Kai wane ne ciki?"

Aka zaunar da ni a kan benci a bayan kanta, kusa da wani jandarma mai bindiga, tun hantsi har la'asar. Ba a sa mini ankwa ba, ba a rufe ni ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Amma wata mai tallar nono ƴar wajen Tajaye ta leƙo ta gan ni, kafin in tashi daga bencin labari ya isa ƙauye cewa an ɗaure ni da sarƙa hannu da ƙafa. Alhaji Ɗan Jimma ne ya zo ya tsaya mini. Shef ya ce ya ji, in tafi, mota ta kwana. Litinin da hantsi in zo da mai walda a cire murfin a gabansa. In lamba ta fito ta yi daidai da takarda, shi ke nan. In ban zo ba, ko na zo ba ta yi daidai ba, zai miƙa takarduna ga jandarmomi a matsayin motar sata, ni kuma in bi takardun.

Juma'a na shiga motar wani, ina fasinja kamar kowa, na tafi Tajaye. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar wake. Na tsuguna na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Labarin sarƙa ya riga ni, amma ko wuyan hannuna ba ta duba ba. Na kwashe komai na gaya mata, wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

"Su duba wani wuri," in ji ta. "Mota duk ƙarhe ce."

"Inna, wuri guda ne. Nan aka buga ta."

"Ubanka bai yi sata ba."

"Na sani, Inna. Su ne ba su sani ba."

"To ka hwaɗa musu."

"Na hwaɗa. Ido suka so su gani."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce:

"Kana nan yay yi magana. Da kunnenka ka ji. Ni ya ba amana, ba Shef ba. Ban ce ka yi ba, ban riƙe hannunka ba. Amma ranar da anka buɗe ƙarhen nan, ƙahwata ta bar motag ga. Tashi, za ka rasa jam'i."

Na tashi. A masallaci ban san surar da liman ya karanta ba. Abin da ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa kowa ba sai yau, shi ne wani tsoro na biyu da ya shige ni. Alhaji hannu na biyu ya sayi motar nan. In wutar walda ta cinye lambar fa? In kuma ta fito, ta fito daban? Sai ya zama na karya amanar uwata da hannuna, na kuma tono wa ubana sunan ɓarawo yana kabari.

Asabar wani mutum ya same ni a rumfar mai shayi a Tsarnawa, inda na sauka neman mai walda. Ban san sunansa ba, Mai Dabara na ji ana kiransa. Ya jawo ni gefe ya buɗe wata ƴar jaka, ga ƙananan ƙarafa jere, kowanne da lamba a bakinsa. Ya ce yana da hanyar shiga farfajiyar ranar Lahadi. Zai buga mini lambar da ke takardata a wani gefen ƙarfen, ya shafa mata gishiri da ruwan batir ta tsufa a yini guda. Litinin in ce wa Shef murfin nan facin tsatsa ne, ga lamba nan ashe can gefe.

"Layarka ta zauna, tsohuwarka ta yi murna, motarka ta hita. Wa anka cuta?"

Wallahi na so. Ba zan yi muku ƙarya ba a wannan shafin. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Da na isa gida na gaya wa Rabi, tana tankaɗe, ta aje rariya ta dube ni irin kallon nan da kuka sani.

"Mutumin da yag gano murhi cikin ƙura da yatsa guda, shi za ka yi ma wanga wasa? Yanzu zarginka akai. In ka yi wanga, ka zama. Laya ta zauna lahiya ƙarƙashin kujera, kai ka zauna kaso, mu kuma mu ci mi? Siminti?"

Ban koma Tsarnawa wajen Mai Dabara ba. Na tafi wajen Illa mai walda, wani dattijo gajere mai gemu rabi fari rabi ƙonanne. Da ya ji abin da za a cire sai ya ce shi ba ya taɓa aikin malamai. Na roƙe shi har na tuno masa zumuncin da babu shi, na ce kakarsa da kakata rijiya guda suka sha. A ƙarshe ya ce zai zo, amma alhakin a wuyana, kuma ni zan fara aza kurfi.

Litinin da hantsi farfajiyar ta cika. Direbobi, ƴan kamasho, masu jiran takardu, har da waɗanda ba su da ko keke, kowa ya zo ganin ɓarawo ko ganin abin da laya za ta yi. Illa ya yi alwala a gefen taya. Shef ya tsaya da fensirinsa, jandarman nan na ranar Alhamis yana bayansa. Na karɓi guduma da kurfi, na yi bisimilla, na ce a zuciyata, Alhaji ka yafe mini, na buga. Ko gezau. Mai waldan Sakkwato ya yi aikin tsoron Allah. Illa ya ce sai injin yanka. Shef ya ce a yi a hankali, in dutsen injin ya taɓa lamba ko guda, shi a wajensa an goge ta ne da gangan. Injin ya ɗauka, tartsatsi ya cika gaban motar. Gefe ɗaya, gefe biyu. Ana cikin na uku na ji wari. Ba warin ƙarfe ba, warin fata. Wani siririn hayaƙi yana fitowa ta tsagar.

"Tana ƙuna!" wani ya yi ihu. "Layar tana ƙuna!"

Mutane suka ja baya. Illa ya kashe inji ya sa kurfi ya ɓanɓaro murfin ya tashi rabi. Ban yi tunani ba. Na cusa hannu ƙarƙashin ƙarfen nan da ya yi ja, na damƙo layar, bakin murfin ya zauna mini a tsakiyar tafi. Kurar ke nan, Hadiza. Harsashin ke nan, Abba. Na fito da ita tana hayaƙi, na murje wutar a ƙirjin rigata. Gefe guda ya ƙone har ana ganin bakin takarda, na rufe da babban yatsa don kada idon kowa ya faɗa ciki, har da nawa.

Shef bai ko dubi hannuna ba. Ya sa aka goge wurin da tsumma da kananzir, ya shimfiɗa farar takardarsa, ya shiga goga fensir a kai. Lambobi suka fara fitowa fari cikin baƙi. Ya ba jandarma takardar Sakkwato ya ce ya karanta da ƙarfi, shi yana bin tasa da yatsa. Guda, daidai. Guda, daidai. Ina ƙirgawa da bugun da hannuna ke yi. Da aka zo biyun ƙarshe Shef ya tsaya. Ɗigon tsohuwar walda ya zauna a kansu kamar kaska. Ya ce da Illa ya ɗauke shi, ba da inji ba. Illa ya durƙusa da ɗan ƙaramin zarto yana shafawa kamar mai yi wa jariri aski, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ɗigon ya ɓalle. Shef ya sake goga fensir, ya ɗaga takardar sama ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na tsufa shekara goma kafin ya buɗe baki.

"Bakwai, huɗu."

"Bakwai, huɗu," in ji jandarma.

Shef ya zaro makullina daga aljihu ya aza mini a hannun hagu.

"Mahaihinka ba ɓarawo ba ne. Tahi a ɗaure maka hannu."

Bayan ƴan makonni kartigris ta fito, aka ɗaura wa Ta-Baba lambar ƙasa. Amma tun ranar Litinin ɗin, daga wajen likita, Tajaye na wuce. Na tsuguna na aje layar gaban Inna. Ta dubi ƙunar, ta dubi bandejin hannuna, ta ɗauke layar ta ƙulle a bakin zanenta ta shige ɗaki. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Ta cika maganarta kuwa. Ranar kasuwa sai in tsaya a bakin hanyar Tajaye, ƙofa a buɗe, ta wuce ni da ƙwaryarta ta shiga motar wani. Mutane suna da ido. Aka fara cewa motar da uwar mai ita ke gudu, wa zai kai kansa? Aka sauya mata suna daga Ta-Baba zuwa Tsirara, wai an tuɓe mata tsari. Kujerar gaba, wadda a da ake faɗa a kanta, sai in yi Ƙonni in dawo babu kowa a kai. Ni da nake sa fasinja dariya har su wuce garinsu, na koma tuƙi shiru. Wata bakwai ana haka.

Sai wata Talata a mashigar Malbaza wata babbar motar siminti ta fito mini ba zato, na kauce, ta tafi da madubina na gefe da fentin rabin jikin motar. Ba wanda ya ji ciwo. Kafin labarin ya kai Tajaye, kun san yadda ake yi, na mutu sau biyu an binne ni sau ɗaya. Ranar kasuwa ta gaba na tsaya a bakin hanya kamar kullum, mutum huɗu kacal a baya. Sai ga Inna. Na kawar da kai don kada in ga ta wuce. Na ji an ja ƙofar gaba. Ta hau da ƙyar, ta gyara zama a kan kujerar nan, daidai bisa wurin. A wuyanta akwai sabon zare, a ƙarshensa layar Alhaji, an sake ɗinke ta da baƙar fata. Ba ta dube ni ba, titi take kallo.

"Ba don kai na shigo ba. Wurin ne anka bari wohi. Ubanka ya ce a aje ta nan, to ga ta nan."

Na tsaya ina kallonta, hannuna a kan makulli.

"Mai mota, ka tada ta mana. Ko sai Shef ya zo?"

Shekara shida ta yi tana zama a kujerar nan duk ranar kasuwa, ko tana da abin saya ko babu, ba ta taɓa ba ni ko dala ba, kuma babu ramin da na faɗa tsakanin Tajaye da Ƙonni da ba ta gaya mini cewa ubana da ya kauce masa ba. Fasinja suka dawo tun a makon farko. Da Allah ya karɓi abarsa, gwaggonku ta ciro layar daga wuyanta ta ba ni.

Tana cikin aljihun motar yanzu, a jakar roba guda da kartigris da farmina. Duk wanda ya gaji Ta-Baba a cikinku, ya bar su tare. Kada ya buɗe ta, kada kuma ya kai ta wajen mai walda. In wani Shef ya ce a ɗaga kujera, ku ɗaga masa da hannu biyu. Ƙarshen lambar bakwai ne da huɗu.